Rawar Nama da Karkarwar Hannu: Yaushe Ake Neman Jin Ta Bakin Likita na Biyu?

Magana biyu ce ke fitar da mai karkarwar hannu daga ɗakin likita hankalinsa a tashe. Ta farko: "Ba komai ba ne, gajiya ce, ka rage tunani." Ta biyu: "Alamun Parkinson ne, ga magani ka fara sha." Wanda aka gaya wa ta farko yakan koma gida yana jin an raina ciwonsa, domin shi ke kwana naman ƙafarsa yana harbawa, shi ne kofin shayi ke rawa a hannunsa a gaban baƙi. Wanda aka gaya wa ta biyu kuwa an liƙa masa sunan cutar da za ta bi shi iya rayuwa, wani lokaci bayan ganawar da ba ta wuce 'yan mintoci ba. Dukansu suna da hujjar son su ji ta bakin wani likitan. Abin da ke damuna shi ne yadda muke yin neman. Yawancin masu cewa "na ga likitoci uku" ba ra'ayi uku suka samu ba. Ganin farko ne aka maimaita sau uku, aka yanki kati sau uku, ba wanda ya ɗora a kan aikin wani.

Kafin a kai nan, sai an raba abu biyu da majiyyata ke haɗawa a ƙorafi ɗaya. "Likita, jikina ne ke rawa." To, wace rawar? Akwai rawar nama, akwai karkarwa, kuma ba gida ɗaya suka fito ba.

Naman da ke harbawa

Kowace jijiyar motsi da ta fito daga laka tana rarrabuwa ta riƙe wasu zaruruwan tsoka, ita ke ba su umarnin motsi. Idan jijiya ɗaya ta yi harbi ita kaɗai ba tare da an aike ta ba, sai zaruruwan nata su motsa, a ga fata ta ɗan ɗaga ta koma. Iyakar abin ke nan, kuma galibi ba ya da ƙarfin da zai motsa gaɓa. An fi jin sa a fatar ido, sharaɓa, damtse da gindin babban yatsa. Mafi yawan masu lafiya sun taɓa jin sa. Rashin barci yana kawo shi, haka aikin ƙarfi ko ƙwallo bayan an daɗe ba a yi ba, haka zufa mai yawa a bazara ba tare da an mayar da ruwa da gishirin jiki ba. Sai sinadarin kafeyin, wanda muke sha fiye da yadda muke zato: goro, shayi mai kauri da ake dafawa a majalisa har zagaye uku, Nescafé, da lemon gwangwani na ƙara kuzari da direbobi da ɗalibai suka mayar ruwan sha.

Tashin hankalin yakan faro ne daga waya. Mutum ya rubuta abin da yake ji a Google da tsakar dare, sai sunan ALS ya fito masa. Cuta ce da jijiyoyin motsi ke mutuwa sannu a hankali har tafiya, magana, haɗiya da numfashi su gagara. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a ƙarni na 19. Ita ce ta kama masanin kimiyyar nan na Ingila Stephen Hawking a 1963 yana ɗan shekara 21, ko da yake shi ya yi tsawon ran da ba a saba gani ba, sai a 2018 ya rasu. Rawar nama tana cikin alamunta, wannan gaskiya ne. Amma cutar ba ta da yawa. A Turai, inda ake da ƙididdiga mai kyau, wajen mutum 2 cikin 100,000 take kamawa a shekara. Sannan fargabar da kanta tana ƙara rawar: barci ya ƙaurace, mutum ya zauna yana kallon sharaɓarsa, ya riƙa ganin motsin da a da ba ya lura da shi.

A 1993 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun buga sakamakon bibiyar mutum 121 da suka zo da rawar nama, aka duba su ba a ga rauni ba, gwajin tsoka kuma bai nuna lalacewar jijiya ba. An bi wasunsu shekara 2, wasu har shekara 32. Ko mutum ɗaya bai kamu da ALS ba. Wannan binciken ya cancanci a riƙe shi, domin ya nuna inda ma'aunin yake: ba yawan harbawar ba, ba wurin da take ba, a'a, ko akwai rauni tare da ita.

Rauni kuma a bakin likita ba kasala ba ce, ba "jikina ya mutu" ba. Abu ne da hannu ko ƙafa ke yi jiya, yau ya gagara, kuma ba ya dawowa bayan an huta. Maɓallin riga ya ƙi shiga. Mukulli ya ƙi murɗuwa. Silifa tana suɓucewa daga ƙafa ɗaya, yatsun ƙafar suna jan ƙasa har a riƙa tuntuɓe. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya zaizaye ya bar rami. Harshe ya yi nauyi, ruwa yana sarƙe mutum. Wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan tare da rawar nama, ko da likita ya ce masa gajiya ce, kada ya zauna. Wanda kuma aka ce masa ALS ce, a ganina ganin ƙwararre na biyu wajibi ne a kansa, domin akwai cututtuka masu magani da ke kwaikwayonta: ƙashin wuya da ya danne laka ko jijiya, wata cutar jijiyoyi da garkuwar jiki ke haddasawa wadda ake yi wa ƙarin sinadarin garkuwa ta jijiyar jini, da ƙarancin bitamin B12. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, tabbatar da ALS yakan ɗauki kusan shekara guda daga fara alamu. Ba suna ba ne da za a yanke a zama ɗaya.

Hannun da ke karkarwa

Karkarwa ita tana motsa gaɓar gaba ɗaya, kuma tana da kari, je-ka-dawo a kan lokaci. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce: yaushe hannun ke rawa, yana hutawa ko yana aiki?

Dubi dattijo a zaman tahiya, hannuwansa kwance a kan cinya. Idan ɗaya daga cikinsu yana rawa shi kaɗai, babban yatsa yana gogar manuniya kamar mai jan carbi, sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa, amma da ya miƙa hannun zai ɗauki buta sai rawar ta lafa, wannan ita ce irin ta Parkinson. Takan fara a ɓangare ɗaya. Sai dai karkarwa kaɗai ba ta isa a kira sunan cutar ba; dole a ga nawa a motsi. Rubutu yana ƙanƙancewa yayin da layi ke tafiya. Hannu ɗaya ya daina lilo in ana tafiya. Taku ya gajarce, fuska ta daskare har iyali su ce Baba ya daina fara'a, murya ta yi ƙasa. Da yawa sun daɗe da taurin bayan gida da dushewar jin ƙamshi shekaru kafin hannu ya fara. Tushenta mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, mai taimakawa wajen sarrafa motsi. Sunan likitan Landan James Parkinson take ɗauke da shi, wanda ya bayyana ta a 1817 daga lura da mutum 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. Duk wanda ya ga Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996 ya ga yadda take. Kuma ba cutar Turawa ba ce: a 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita a tsakanin 'yan asalin Afirka, akasarin waɗanda aka gwada 'yan Najeriya ne.

Yanzu dubi wata Hajiya da hannunta ke zaune lafiya lau a kan cinya, amma da ta ɗebo koko a ludayi za ta kai baki sai ya fara zuba. Zare ya ƙi shiga allura. A banki an ce sa hannunta bai yi daidai da na da ba. Wannan ita ce karkarwa mai zaman kanta, wadda likitoci ke taƙaitawa da ET a folda. Hannu biyu take kamawa, wani lokaci kai ma ya riƙa girgiza, murya ta yi rawa. Kusan rabin masu ita za su ce maka haka mahaifinsu ko kakarsu take. Ta fi Parkinson yawa nesa ba kusa ba: wajen mutum 1 cikin 100, a waɗanda suka haura shekara 65 kuwa 4 zuwa 5 cikin 100. Ba ta kisa, ba ta daskarar da jiki, amma tana hana tela ɗinki, tana sa mutum ya daina cin abinci cikin jama'a, don haka ba abin rainawa ba ce. Maganinta daban ne, propranolol ko primidone, na Parkinson kuwa levodopa. Rikita su yana nufin shekaru ana sayen magani mai tsada da ba ya aiki.

Kashi na uku shi ne inda likita na biyu ya fi ceton mutane a wajenmu, domin a nan ne karkarwar ke da sanadin da za a iya cirewa. Kowane ɗan Adam hannunsa yana da 'yar rawa siririya da ido ba ya gani. Wasu abubuwa ke tunzura ta ta fito fili. Na gaba-gaba shi ne ƙullutun tayirod na maƙogwaro idan ya yi aiki fiye da kima, ko maƙoƙo ya fito ko bai fito ba. Mace ce galibi, tana ci tana ramewa, zuciya na bugawa da sauri, zufa ko a hunturu, ga saurin fushi. Sau da yawa sai a ce mata damuwa ce, ko a fara zargin iska, alhali gwajin jini ɗaya na TSH da T4 zai bayyana komai. Sai faɗuwar suga ga mai ciwon suga da ke shan glibenclamide ko yin allurar insulin, musamman da yammacin azumi.

Sai magunguna, kuma a nan ina so a tsaya. Salbutamol na masu asma, wanda aka fi sani da Ventolin, yana sa hannu rawa. Haka valproate na farfaɗiya, lithium, da amitriptyline da ake yawan bayarwa don barci ko ciwon jijiya. Akwai kuma waɗanda ke toshe dofamin har su haifar da cikakkiyar siffar Parkinson, da nawa da taurin jiki da komai: metoclopramide na amai, cinnarizine na jiri, chlorpromazine da haloperidol na taɓin hankali. Tsohuwa za ta yi watanni tana karɓar maganin jiri a kemis ɗin unguwa, sannan a kai ta asibiti a ce Parkinson ce, a ƙara mata wani magani a kan wanda ya jawo abin. Idan aka gano aka janye shi, alamun kan tafi cikin makonni ko watanni. Ba gwaji ke gano wannan ba, tambaya ce. Haka tramadol, kodin, diazepam da barasa: wanda jikinsa ya saba, da ya rasa sai hannu ya kama rawa da sassafe. Matashin da ya ɓoye wa likita wannan zai iya zaga asibitocin Arewa kaf bai samu amsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sana'a ma tana da hannu. Masu haƙar zinare da ke ƙona sinadarin makuri don tace shi suna shaƙar tururinsa, karkarwa kuma tana cikin fitattun alamun gubarsa. Manomin da ya yi feshin maganin ƙwari irin su fiya-fiya ba tare da kariya ba, naman jikinsa na iya kama rawa ko'ina. Idan mai karkarwar bai kai shekara 40 ba, likita mai lura zai tuna da cutar Wilson, wadda sinadarin tagulla ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawa, amma tana da magani, rashin gano ta kuma yana kisa.

Wasu yanayin ba sa jiran wani ra'ayi, sashen gaggawa ake nufa nan take: rawar nama bayan feshi tare da dalalar miyau, zufa, amai da sarƙewar numfashi, karkarwa da gumi da ruɗewa ga mai ciwon suga, wanda ake fara ba shi abu mai zaƙi idan yana iya haɗiya, hannu ko ƙafa su mutu farat ɗaya tare da karkacewar baki, da mai ciwon hanta ko ƙoda da ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, in ya miƙa hannuwa su riƙa faɗuwa suna ɗagowa.

Me ya sa likitoci ke saɓawa?

Domin har yau babu gwajin jinin yau da kullum da ke cewa wannan Parkinson ce, wannan mai zaman kanta ce. Ido ne, da hannu, da tambaya, da lokaci. A 1992 masu bincike a Landan sun duba ƙwaƙwalwar mutum 100 da suka rasu da sunan Parkinson a foldarsu, sai aka tarar 76 ne kawai ke da ita. Da aka sake irin wannan awon bayan shekara goma a kan majiyyatan da ƙwararru kan cututtukan motsi suka bibiya, dacewar ta haura 90 cikin 100. A 2017 kuma asibitin Mayo ya duba majiyyata 286 da aka turo masa: 12 cikin 100 aka tabbatar da sunan cutarsu yadda aka rubuto, 66 aka ƙara fayyace shi, 21 kuwa aka sauya shi ɗungurungum. A lura, waɗannan masu larura ce mai sarƙaƙiya tun asali, shi ya sa aka turo su, don haka ba a ce kowane likita yana kuskure a mutum ɗaya cikin biyar ba. Abin da alƙaluman ke nunawa shi ne ido na biyu, in na ƙwararre ne, yana ƙara wani abu.

Ba na ganin adalci ne a ɗora wa likitan farko laifi kai tsaye. Wanda ke zaune a sashen marasa lafiya na waje, layi har bakin ƙofa, zazzaɓi da hawan jini da gudawa suna jiransa, ba ya da rabin awar da duba jijiyoyi ke bukata. Sannan cuta a watanta na farko ba ta gama bayyana kamanninta ba. Likita na biyu sau da yawa yakan fi na farko gani ne kawai don ya zo daga baya.

Wajen wa, kuma da me?

Likitoci uku ne jama'a ke cakuɗawa. Akwai likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa mai magani ba tiyata ba, shi ne na wannan matsala. Akwai likitan taɓin hankali da damuwa, irin waɗanda ke asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano. Akwai kuma likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, wanda sai in an ga abin yankewa ake bukatarsa. Na farkon su ne 'yan ƙalilan, kuma manyan asibitocin koyarwa suka tattare: Malam Aminu Kano, Shika a Zariya, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Maiduguri, Jos, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, a Nijar kuma akasari Yamai. Suna da ranar kilinik, kuma da takardar turawa ake shiga. Barin wani babban likitan gama-gari zuwa wani irinsa a asibitin kuɗi na gaba ba ya cika sauya komai.

Neman takardar ba rashin kunya ba ne, ko da yake mu mutane ne masu jin nauyin likita. Ana iya cewa: "Likita, na gode da ƙoƙarinka. Hankalina ne bai kwanta ba. Don Allah ka rubuta mini takarda in ga likitan jijiyoyi, da abin da ka gani da abin da ka ba ni." Likitan kirki ba ya jin haushin wannan, sau da yawa ma sauƙi ne a gare shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majiyyaci halin da yake ciki, hanyoyin gwaji da magani da ke akwai, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake fahimta.

Akwai ɗabi'ar da nake ganin tana cutar da mu ƙwarai: a je wa likita na biyu a ɓoye masa an ga na farko, wai don a gwada shi a ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Na fahimci tsoron kada ya bi sahun abokin aikinsa ido rufe. Amma asarar ta fi ribar yawa. Zai sake tura ka gwaje-gwajen da ka riga ka biya. Ba zai san ka sha levodopa wata uku ba ka ji canji ba, ko ka ji, alhali wannan labarin yana cikin manyan hujjojin da ake yanke hukunci da su. Zai ma iya duba ka magani yana aiki a jikinka ya rufe alamun, ya ce lafiyarka ƙalau. Hanyar da ta fi ita ce ka ba shi komai, sannan ka ce: "Ina so ka duba ni da idonka, kamar ba a taɓa faɗin komai ba."

Ka zo da magungunanka a leda, kwalayensu da sacet ɗinsu, har da na kemis, na gargajiya, na ƙarin ƙarfi da na ƙiba, ba sunayensu da ka ba. Ka zo da sakamakon gwaji na asali. Ka zo da bidiyo, domin rawar nama ta iya ɓuya ranar asibiti, gani kuma ya kori ji: a ɗauki hannun yana kan cinya, a ɗauke shi a miƙe, a ɗauke shi yana kai kofin ruwa baki, a ɗauki mutum yana tafiya ya juyo. A farar takarda ka rubuta jimla ɗaya, ka zana da'ira mai naɗewa daga tsakiya zuwa waje da kowane hannu, ka sa kwanan wata, ka riƙa maimaitawa duk wata. Ka kuma zo da wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Matar da za ta ce "Likita, Malam yana ihu da naushi cikin barci, ya fi shekara" ta ba da bayanin da mijin bai ma san da shi ba, kuma yana da alaƙa da Parkinson.

Ka lura da abin da likitan ya yi da kai. Dubawa ta gaskiya tana da siffa: zai sa ka tuɓe riga ya kalli tsokoki, ya gwada ƙarfin kowace gaɓa, ya buga gwiwa da 'yar gudumarsa, ya duba harshe, ya sa ka buɗe yatsu ka rufe da sauri, ya murɗa wuyan hannunka ya ji ko da tauri, ya sa ka yi tafiya. In an yi wannan, ka ga likita. Kafin ka tashi ka tambaye shi me yake zato, me ya kore kuma da wace hujja, wace alama ce in ta fito za ta sa ya sauya ra'ayi, kuma yaushe za ka dawo.

Batun gwaji, mai arha ne ya fi amfani a farko: suga, tayirod, aikin ƙoda da hanta, kalsiyam, magnesiyam, fotasiyam, da B12 musamman ga wanda ya daɗe yana shan maganin ciwon suga na metformin. Gwajin EMG, wanda ake soka siririyar allura a tsoka a saurari wutar da ke cikinta, shi ne na rawar nama mai rauni, amma ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma ingancinsa yana hannun mai yin sa. Hoton MRI kuwa mutane sun ɗauke shi alƙali, alhali hoton mai Parkinson da na mai karkarwa mai zaman kanta galibi lafiya lau yake fitowa. Ana yin sa ne don kore wani abu, kamar ƙari, shanyewar ɓarin jiki, taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa ko dannewar laka. Iyalai suna sayar da gona su tafi Alƙahira ko Indiya ta hannun dillalai, su dawo da faifan hoto da maganin da ake samu a Kano. Akwai masu bukatar fita da gaske, misali wanda ƙwararre ya ga ya dace da tiyatar dasa na'ura a ƙwaƙwalwa bayan magani ya gaza. Amma wannan shawara ce ta bayan shekaru, ba ta watan farko ba.

Masu fara zuwa wajen malam ko ruƙiyya ba na ganin laifin addu'arsu. Hadisi ingantacce ne cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da ba ya halatta a yi wa mara lafiya shi ne a tsare shi shekara ana hayaƙi, tayirod yana cin zuciyarsa.

Idan biyun suka saɓa

Ba ƙuri'a ake kaɗawa ba, ba kuma wanda ya faɗi mai daɗin ji ake bi ba. A duba wa ya fi ƙwarewa a fannin, wa ya duba jiki sosai, wa ya kawo hujja. Sau da yawa ƙwararre zai ce: "Ban tabbatar ba tukuna, ka dawo bayan wata uku ko shida." Wannan ba gazawa ba ce, domin a cututtukan jijiya lokaci kansa gwaji ne. A tsakanin nan kada ka yanke magani da kanka. Propranolol da levodopa duka ba a tsayar da su farat ɗaya. Kada kuma ka ari na maƙwabci don hannunsa ya lafa: propranolol yana iya tayar wa mai asma da numfashi, yana kuma ɓoye alamun faɗuwar suga. Benzhexol, wanda matasa suka sani da Exol, ana yawan miƙa shi ga duk mai karkarwa, amma a tsofaffi yana kawo ruɗewa, mantuwa da riƙewar fitsari.

Akwai kuma lokacin tsayawa. Idan likitan jijiyoyi ya duba ka sosai bai ga rauni ba, gwajin jini ya fito daidai, an yi EMG in ya ga da bukata, watanni sun wuce ƙarfinka yana nan, to likita na uku da na huɗu ba za su ba ka abin da kake nema ba. Natsuwar da kowannensu zai ba ka ta 'yan kwanaki ce, sai harbawa ta gaba ta rushe ta. A nan abin da ya rage shi ne fargabar ciwo, ita ma larura ce ta gaske mai magani, kuma zuwa wajen likitan damuwa saboda ita ba hauka ba ne. Haka wata karkarwar da ke tasowa daga tangarɗar yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsi ba tare da wata jijiya ta lalace ba: takan fara kwatsam, takan lafa in an ɗauke hankalin mutum, kuma gashi da horon motsi suna taimaka mata. Mai ita ba ƙarya yake yi ba, kuma bai kamata a sallame shi da "ba komai" ba.

Wanda aka ba ranar dawowa ya riƙe ta, ya ci gaba da zanensa da bidiyonsa na wata-wata, ya rage goro da shayin dare, ya nemi barci. Idan kafin ranar wani abu sabo ya fito, abu ya fara faɗuwa daga hannu, ƙafa ta fara ja, magana ko haɗiya ta canza, ko aka fara faɗuwa, sai a koma wa likitan nan da nan da takardun duka, ko da sati ɗaya ne da ganinsa.